Maulidin Hawata a Tsakiyar Yankan Riɗi

A ƙasar Gadarif, can gabashin Sudan, ba a tambayar ko za a yi maulidi bana. Abin tambaya shi ne inda maulidin zai tarar da riɗi, yana tsaye a gona ko ya shiga buhu. Watan Rabi'ul Awwal yakan matso da kamar kwana 11 kowace shekara, riɗi kuwa babu ruwansa da wannan lissafi. Ana shuka shi in ruwa ya zauna a watan Yuli, ya nuna daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba, kuma da ganyensa ya yi rawaya ya soma zuba, 'yan kwanaki kaɗan suka rage wa manomi ya sa lauje. In ya yi sanya, kwanson ya bushe ya tsage da kansa, ƙwayar ta tsiyaye cikin tsagar ƙasa. Baƙar lakar Gadarif kuwa ba ta mayar da abin da ta haɗiye.

A 2022, 12 ga wata ya faɗo ranar Asabar, 8 ga Oktoba, wato ana tsakiyar yanka. Hutun mako a Sudan Juma'a ne da Asabar, saboda haka daren rufe maulidi, wanda muke kira gafla, ya zo daidai ga irinmu masu aikin birni, ya kuma zo wa mai gona a lokacin da ko barci ba ya ishe shi. Shi ne maulidi na ƙarshe da muka yi kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Ni a Hawata na yi shi, garin kawunnena, a bakin kogin Rahad.

Ni Bahaushe ne haifaffen birnin Gadarif, sana'ata riƙe wa wani dillali littafi a kasuwar amfanin gona, inda ake gwanjon riɗi da dawa da ƙaro. Wanda ya saba da gonar gado ta Kano ko Maraɗi zai sha mamakin noman nan. Tun tsakiyar shekarun 1940 Turawan Ingila suka shigo da tarakta yankin Gadambaliya don su noma dawar ciyar da sojoji, daga nan abin ya bazu. Yau gonar babban manomi guda takan kai faddan 1,000, faddan ɗaya kuwa murabba'in mita 4,200 ne. Ba ban ruwa, ba rijiya, damina ce kawai da ƙasa mai riƙe danshi. A gefen birni akwai ƙaton rumbun siminti da Tarayyar Sobiyet ta gina a shekarun 1960, matafiyi yakan hango shi tun kafin ya hango gidaje. Amma duk taraktocin nan, yawancin riɗinmu da hannu ake yanke shi har gobe. Shi ya sa in kaka ta yi dubban ma'aikata kan kwararo, wasu daga Darfur da Kurdufan, wasu daga Habasha ta kan iyakar Gallabat da Matamma. Jango ake ce musu. Marubucin nan Abdul'aziz Baraka Sakin ya yi littafi guda a kansu, wanda ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009, hukuma kuma ta ƙwace shi daga kasuwa.

Da yammacin Alhamis na hau bayan boksi, wato a-kori-kura ƙirar Hilux, muka nufi kudu maso yamma. Layin dogon da ya haɗa Gadarif da Sinnar tun ƙarshen shekarun 1920 ya ratsa ta Hawata, amma an daɗe da daina dogara da shi. Ruwa bai gama ɗaukewa ba, inda duk muka sauka daga tudu sai taɓo, mu sauka mu tura, mu hau. Hagu da dama an jingina damman riɗi a tsaye suna shan iska, dawa kuma ta fid da kai tana jiran Nuwamba. Muka wuce duwatsun Kala'an Nahal ana kiran magariba.

Gidan kawuna irin gidajen ƙasar ne, zagayayyun ɗakuna masu jinka da muke kira guttiyya, da rumfar kara a tsakar gida, da gadajen igiya a jere. Ban same shi a gida ba. Matarsa ta ce tun asuba yana gona, sai bayan isha zai shigo. Ta kawo mini godogodo, wanda ba wani abu ba ne illa fura da nono ta sami sabon suna a bakin mutanen Sudan, sannan ta shiga tambayar mutanen birni ɗaya bayan ɗaya. Da kawu ya dawo, ƙafa duk laka, gaisuwarsa ta farko bayan sallama ita ce: "Ɗan nan, nawa kintari ya kwana a kasuwarku?" Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya yi lissafi da yatsu, ya ce, "To, Allah ya sa albarka. San maulidi dai ya fita."

Yadda Hausawa suka zo bakin wannan kogi labari ne da kowane gida ke da nasa. Kakana ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar hajji, a ƙafa, ta Barno da Wadai da Fashir da Ubayyid, yana tsayawa ya yi noma ko ɗinki ya tara guzuri ya ƙara gaba. Ya sauke farali, ya dawo ta Sawakin, ya tsaya a Rahad ya yi damina ɗaya. Daminar ce har yau ba ta ƙare ba. Wasu kuma hijira ce ta kawo su, bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Tun kafin wannan ma, mutanen yamma masu zuwa hajji sun zauna a Gallabat da shehunansu. Kogin Rahad yana gangarowa ne daga tsaunukan Habasha, ya cika ya batse da damina, da rani ya tsinke ya bar tafkuna. Mutanenmu suka ga abin da suka sani: fadama, kifi, wurin kuɓewa da albasa da lemun tsami da mangwaro. Suka zauna.

Safiyar Juma'a kasuwa ta cika tun hantsi, don masu gonaki da yawa sun sallami jango da wani abu a hannu saboda maulidi. Ana biyan mai yanka ne da hilla, wato dami 400, kuma kuɗin hilla yana tashi gwargwadon yadda manomi ya matsu. A ranar nan za ka ga saurayi ɗan Habasha da ba ya jin Larabci sosai yana cinikin takalmin roba da yatsu, ɗan Darfur yana neman mai tura kuɗi ta Bankak ya aika gida, masu shayi sun jera kujerunsu 'yar tsugunne a inuwar dogon yaro suna zuba jabana, gahawa mai citta, a ƙananan kofuna. Tun 2021, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100 aka kuma janye tallafin man fetur, kuɗin takarda ya zama abin ɗauka a leda. Na ga mai alewa yana ƙirga kuɗin ciniki ɗaya har yaron da aka saya wa ya cinye rabi.

Alewar maulidi ita ce rabon yara a bikin, kuma uban da ya koma gida ba ita, ya san abin da zai tarar. Akwai simsimiyya, wadda mu a gida kantu muke ce mata, da fuliyya ta gyaɗa, da wasu na kwakwa. Sai 'yar tsanar sukari, amaryar maulidi, jajaja da ita, an yi mata ado da takarda mai ƙyalli, ga 'yan mata, maza kuma doki da mahayinsa. An ce al'adar daga Masar ta zo tun zamanin Faɗimiyyawa. Abin da ke ba ni dariya kowace shekara, riɗin da aka yanka a bayan garin nan shi ne ake kaiwa birni a dafa da sukari, a naɗe a leda, a dawo mana da shi a sayar da tsada, alhali kowace tsohuwa a unguwarmu ta fi su iya kantu.

Bayan an sauko daga masallaci aka ci abinci, aka ɗan kishingiɗa, da la'asar gari ya nufi fili. Maulidin Sudan ba irin na Kano ba ne da kowace makaranta da zawiya ke yin nata a unguwarta, sannan a fito takutaha. A nan fili guda ne. Tun ƙarshen watan Safar ake yin zaffa, jerin gwanon ɗariƙu da tutoci da ganguna, a zagaya gari a zo a kafa dogon sanda a tsakiyar fili, sari, a ɗaura masa tutoci da fitilu. Daga nan kowace ɗariƙa ta kafa tantinta a kewaye, a yi ta raya dare har zuwa 12 ga wata. Haka ake yi a filin Halifa na Umdurman da filin Sajjana na Khartum, haka ake yi a ƙananan garuruwa, bambancin kawai yawan tantuna da ƙarfin janareta.

In kana son ka san su wa ke zaune a gari, zagaya filin nan sau ɗaya ya ishe ka. 'Yan Ƙadiriyya su ne masu noba, ƙatuwar gangar da ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne, darwishansu sanye da riguna kore da ja masu faci, ga carbi mai dubu a wuya, wani ya shiga tsakiya yana juyi da ƙafa ɗaya, mai kaskon turare yana bin sahu yana busa wa mutane hayaƙi a fuska. 'Yan Sammaniyya fari fat, an ɗaure ƙugu da ɗamarar fata, sahu biyu suna fuskantar juna, su sunkuya tare su ɗago tare, ba ka jin komai sai numfashi da sunan Allah. Hatmiyya, waɗanda cibiyarsu ke Kasala a gindin duwatsun Taka, suna zaune suna karanta littafin maulidin da shehunsu Muhammadu Usman Almirgani ya wallafa. Ansaru, mabiya Mahadi, suna karanta ratibi, kuma a tantinsu za ka tarar da Fulani da Hausawa da dama, don tun zamanin Mahadi akwai mutanen yamma a cikin jama'arsa. Tsakanin tanti da tanti ga masu madihu biyu-biyu ko uku-uku da bandiri, suna rera yabon Hajj Almahi da na Shehu Bura'i, a jefa musu abin da ya sawwaƙa. Lasifika kowa ya juya tasa ta fuskanci ta maƙwabci. Baƙo zai ce hayaniya ce. Ɗan gari kuwa, ko da ido a rufe, zai gaya maka a ƙofar tantin wa yake tsaye.

Akwai kuma tantin Ansarus Sunna. Su ba maulidi suka zo yi ba, sun zo ne su gaya wa jama'a cewa maulidin bidi'a ne, da lasifikarsu da littattafansu a kan tebur. A manyan birane abin ya taɓa kaiwa ga doke-doke. A ƙaramin gari da wuya, don mai wa'azin ƙanin matar mai noba ne, gobe kuma tarakta guda za su yi haya. Na tsaya na saurare shi, ya iya magana, kuma na lura 'ya'yansa na gefe suna tsotsar dokin sukari.

Tantinmu na Tijjaniyya yana gabas da sari, kuma duk da akwai 'yan Darfur da Barebari a ciki, mutanen gari tantin Hausa suke ce masa. Da yake Juma'a ce, aka shimfiɗa farin ƙyalle aka zauna zikiri daga la'asar har rana ta faɗi. Bayan isha aka buɗe Ishiriniya. Waƙar Alfazazi ce, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, Larabci ne tsantsa, amma karin da muke rera ta da shi ba na Sudan ba ne. Kakanninmu suka taho da shi a baki. Na taɓa sa wa wani dattijo a tantin nan wani ɗauki na Ishiriniya daga Kano a waya, ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Waɗannan yaran waye ya koya musu karatunmu?" Larabawan gari sukan tsaya a bakin tanti su yi tsit, suna gane kalmomin amma karin baƙo ne a kunnensu. Malamin da ya yi fassara da Hausa ya yi, Hausar Sudan, wadda Larabci ya shiga jikinta. Samarinmu da yawa sun fi sakewa da Larabci, wasu ma in ka yi musu Hausa da Larabci za su amsa. Amma a daren nan sai ka ga sun matso gaba.

Saura ƙiris a waccan shekarar ba a kafa tantin ba. A watan Yuli rikici ya tashi a jihar Nilul Azrak, can kudu da mu, bayan Hausawan can sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilu suka ce sarauta ta mai ƙasa ce, Bahaushe kuwa baƙo ne. Aka kashe fiye da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Bur Sudan da Khartum. Ba yau aka fara ba. A Oktoban 2008 ma an zubar da jini a Gadarif bayan wata jarida ta ruwaito cewa Shugaba Umar Albashir ya ce Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, maganar da fadarsa ta musanta. Tushen abin yana cikin doka: dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen 1897, wato kafin Burmi da kusan shekara 6. Dokar 1994 ta sassauta zuwa 1956, amma abin da ya zauna a zukata bai bi doka ya sauya ba. Ni kaina, da na je neman takardar ɗan ƙasa, sai da aka sa na kawo shaidun da abokina na makaranta ba a tambaye shi ba, alhali a asibiti ɗaya aka haife mu.

To da Safar ya kama, samarin unguwa suka ce bana ba za su kai tanti fili ba. A yi maulidi a ƙofar zawiya, cikin 'yan uwa, ba sai an je ana rera yabo a gaban mutanen da ba a san abin da ke ransu ba. Kawuna ne ya ba ni labarin yadda aka kwashe. Ya ce ya bar su suka gama, sannan ya ce musu: "Wurin nan gabas da sari, ubana ne ya fara kafa rumfa a cikinsa, da kara da igiya. Ba hakimi ya ba shi ba, ba takarda. Shekara ɗaya kuka bar shi fili, baɗi za ku tarar da mai alewa ya kafa tebur, in kun yi magana a ce da can ma ba ku nan." Wani saurayi ya ce, "Baba, in aka taɓa mu fa?" Ya ce, "A gida ma ana iya taɓa ku. Gara a taɓa ku kowa na gani."

Ina bayan kawu a wannan magana, amma ba don ina ganin maulidi na hana faɗa ba. Mutanen Nilul Azrak ma suna da filayen maulidi, sun sha shayin juna shekara da shekaru, kuma kwana 11 bayan daren da nake ba da labari aka sake kashe fiye da mutum 200 a yankin Wad Almahi. Masu cewa irin wannan taro shi ne maganin ƙabilanci sun faye son magana mai daɗi. Amfanin tantin bai kai haka ba, amma tabbatacce ne. Mutumin da ake ce wa baƙo, babu abin da ya fi masa hatsari kamar a daina ganinsa. Sau ɗaya a shekara gari kan taru ya ƙirga kansa, ba a ofis ba, a fili, kuma wanda ya shekara saba'in yana cikin ƙirgar nan da wuya a wayi gari a ce ba a san shi ba. Da daddare shehun Ƙadiriyya ya taso da jama'arsa da nobarsu suka zo ƙofar tantinmu, kamar yadda ɗariƙu kan ziyarci juna a daren gafla, aka tashi aka tarbe su, aka yi fatiha. Ba wanda ya ambaci Yuli. Samarin da suka ce kada a zo su ne suka yi ta rabon shayi.

Abin da mai zagaya fili ba ya gani shi ne bayan tanti, kuma can ne aikin yake. Mata tun Laraba suke tsaye. Su suka yi adashi tun watan Muharram suka sayi sukari da ganyen shayi da gawayi, su suka toya kisra, suka tuƙa asida, suka kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa. San da maza suka yanka, su suka mai da shi fatta, gurasa da shinkafa da romo a manyan faranti, yara maza suna ɗauka a ka suna kaiwa duk inda aka ga baƙo a zaune. Jango su suka fi kowa morar wannan dare. Mutumin da ya yi wata guda a sansanin gona yana cin asida da miyar busasshen kifi, yau ga nama, ba mai tambayarsa addininsa ko garinsu. Na ga Kiristocin Habasha, da zaren gicciye a wuya, sun kewaye faranti a bayan tantin Tijjaniyya, wata gwaggona na tsaye a kansu tana cewa da Hausa, "Ku ci, 'ya'yan nan, ku ci," su kuma suna gyaɗa kai.

Can gefen fili masu agashe sun kewaye wuta da tsinke. Agashe tsire ne, nama falle-falle da ƙuli-ƙuli da yaji, a yanka albasa a matsa lemun tsami, kuma duk Sudan an san sana'ar Hausawa ce. Ko wanda ke cewa mu koma inda muka fito, in yamma ta yi a gaban mai agashe za ka same shi.

Sai dai bikin yana da kuɗinsa, kuma ba kowa ke biya da sauƙi ba. Gudummawar sa da hayar janareta da tanti, da alkawari ake yinta, kowa ya faɗi abin da zai bayar in ya kakkaɓe riɗi. Babban manomi bai san an yi ba. Ƙaramin manomi mai 'yar gonar bayan gari, wanda tun Agusta hatsinsa ya ƙare, shi ne kan je wurin ɗan kasuwa ya ci shail, wato ya karɓi kuɗi yanzu ya biya da riɗi in an yanka, a farashin da ɗan kasuwar ya yanke. Ni da ke riƙe littafi na san tazarar da ke tsakanin wannan farashi da na gwanjo, kuma na san sunayen da kan dawo shafi ɗaya kowace shekara. Kunya ce ke kai su, kada a karanta sunan gida ba komai a gabansa, kada yarinya ta ga ta maƙwabta da amaryar sukari. Shehunnai kan yi wa'azi a kan abubuwa da yawa a dararen nan, ban taɓa jin an taɓo wannan ba.

Wajen tsakar dare fili ya kai maƙura. Ƙura ta tashi ta haɗu da hayaƙin turare da na nama, noba uku na tashi lokaci guda, mata na guɗa daga bayan igiya, yara sun ɓace wa iyayensu ana ta cigiya a lasifika. Da mai karatu a tantin Hatmiyya ya iso wurin haihuwar Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, jama'a suka miƙe tsaye, miƙewar ta bi tanti-tanti har ta zagayo kanmu. Janaretanmu ya mutu ana tsakiyar addu'a, aka ƙarasa da fitilun waya. Kafin a shafa, na waiga ban ga rabin mazan da muka fara da su ba. Sun zame sun tafi su runtsa, don riɗi da sanyin asuba ake yankansa, kafin rana ta buɗe kwanso.

Asabar ita ce ainihin 12 ga wata, ranar hutu a duk ƙasa, amma a Hawata hutun na ma'aikatan gwamnati ne da 'yan makaranta. Da hantsi tsofaffi da yara ne suka kwance tanti, aka naɗe tabarmi, aka mayar da tukwane gidajen da aka aro su. Ma'aji ya zauna a ƙofar zawiya da littafinsa ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da abin da ake bin mutane. Aka ɗan yi sa-in-sa a kan ko za a biya mai janareta cikakken kuɗinsa, aka tsaya a kan a rage masa na awa biyu.

Na bi kawu gona kafin in nemi mota. Mun tarar da jango shida zaune a gindin aduwa, lauje a ƙasa, sun ce kuɗin hilla ya tashi, maƙwabcinsa ya ƙara jiya a filin maulidi. Kawu ya dubi gonar, gefen gabas ya riga ya yi rawaya sosai, ya tsinki kwanso ɗaya ya murza, ya buɗe a hannunsa ba wuya. Ya ce zai raba bambancin biyu. Babbansu ya ce a'a, sai dai a ƙara da sukari da ganyen shayi na mako. Kawu ya ce sukari kam an shanye shi jiya, su ma da bakinsu a ciki. Suka yi dariya, aka daidaita a kan rabin ƙarin da buhun garin dawa, suka tashi suka shiga gefen gabas. Ni kuma na sami lorin da ke ɗauke da buhunan farko na bana zuwa Gadarif, na hau sama na zauna a kansu, don ranar Lahadi da safe ni ne zan rubuta nauyinsu.